Daga Doha zuwa Kwala Lamfa, Ranar da Dare Ya Tare Mu a Sama

Ku matso kusa, 'yan'uwa, ku ji inda ƙafata ta taka, ni da ko kasuwa sai an yi da gaske nike zuwa.

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Gidan Igwai a Sakkwato, ni da ƙanena da ya saba tafiye-tafiye. Ɗiyata ce ta haihu, haihuwar fari, a Maleshiya inda mijinta ke karatu, ga shi biza ba ta fito ba sai da suna ya matso. Na ce ko da rarrafe sai na isa kafin a raɗa suna. Jakata cike da garin gero, kanwa da yajin jego.

Jirgi ya kai mu Abuja, wani ya ɗauke mu zuwa Doha. Filin jirgin nan ya fi unguwarmu girma, kuɗin shayi kofi guda kuwa ya isa cefanen gida. Da munka sauka na yi hamdala na fara gyara mayafi, don a tunanina gabas duk gabas ce, daga ƙasar Larabawa zuwa can bai wuce Sakkwato zuwa Gusau ba. Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Yaya, zauna. Saura awa bakwai da 'yan kai a sama."

Munka tashi da hantsi, ana gobe suna. Anka kawo shinkafa 'yar mitsitsiya da kaza ba yaji. Na ciro nawa na barbaɗa, har wata Bamaleshiya da ke gefena ta ɗanɗana, ta yi ta atishawa tana ɗaga mini babban yatsa.

Ban daɗe da yin azahar a zaune ba, ina leƙa taga na ga rana ta yi ja, can sai duhu. Na girgiza ƙanena na ce, "Kai, mi ya cinye mana la'asar? In haka kwanakinsu ke gudu, an yi sunan nan ba ni!"

Ya ce, "Kwantar da hankali, Yaya. Gabas muke yi, dare ne ya taho tarbarmu. Agogon Maleshiya ya riga na Doha da awa biyar, amma gobe tana nan gobe."

Ban yarda ba sai da na ga surukina a filin jirgin Kwala Lamfa, babban birnin Maleshiya, ya durƙusa yana cewa, "Inna, kin iso kan lokaci."

Kafin maza su dawo daga masallaci da safe na dama kunun kanwa, na wanke jikata da hannuna. Anka raɗa suna ina riƙe da ita. Sunana anka sa mata!

Sai da na ga ɗiyata ta yi arba'in na dawo gida, maƙwabta sunka cika tsakar gida suna ce mini 'yar Maleshiya. Na gane duniya ta fi tunanina faɗi, amma ba ta fi ƙarfin uwa ba. Ke da ke cewa ba ki iya nisa da murhunki, in taki ɗiyar ta kira ki daga can, zama za ki yi?