Pandu Mai Gyaran Fitilu da Hasumiyar Ras Mtondoo

Pandu mijin yayata Mwanakombo ne, ni kuwa Vuai sunana, ina tuƙa jahazi, jirgin katako mai tafiya da iska, tsakanin tsibirinmu na Pemba da garin Tanga. A ƙauyenmu na Ras Mtondoo namiji ko dai ya shiga teku, ko ya hau itacen kanumfari da kwakwa. Pandu bai yi ko ɗaya ba. Teku ba ta dame shi ba, hawa kuwa tsoronsa yake ji kamar mutuwa. Ko jinkar ɗakinsu ce ta yi yoyo, yayata ce ke hawa, shi yana ƙasa yana riƙe mata tsani yana salati.

Sana'arsa gyaran fitilu. Yana da 'yar rumfa a bakin gaɓa, masunta na kawo masa manyan fitilun kananzir da suke janyo kifi da su, yana kwancewa yana haɗawa. Mu ƙannen matarsa ba mu raga masa. Nakan ce, "Yaya Pandu, yaushe za ka tsinko mana kwakwa?" Yakan ce, "Ranar da kwakwar ta sauko ta roƙe ni."

A ƙarshen tsinin ƙasarmu akwai hasumiyar ƙarfe da aka gina tun zamanin kakanninmu, mai fitila a kai don jirage su kauce wa duwatsun da ke kwance ƙarƙashin ruwa. Lokacin da nake saurayi mai tsaronta ya tsufa ya koma garinsu, fitilar ta mutu, ba a aiko kowa ba. Muka saba da duhu. Kowa ya dogara da idonsa da ƙwaƙwalwarsa.

Wata shekara, lokacin tsinkar kanumfari, wani jahazi ɗauke da 'yan ƙwadago ya makara a hanya. Magariba ta rufa masa, ya hau duwatsun ya dare. Cikin waɗanda suka rasu har da Kombo, abokin Pandu tun na makarantar allo. Pandu ne ya yi masa wanka.

Kashegari da la'asar muka ga ya fito daga rumfarsa da fitila mafi girma da ya mallaka, ya nufi hasumiya. Yayata ta biyo shi da zani a hannu.

"Ina za ka da ita?"

"Sama."

"Wane sama? Kai da ko kan turmi ka tsaya sai jiri ya ɗebe ka?"

Ya ɗaura fitilar a bayansa da igiya, ya shiga. Matakalar ciki ta ƙarfe ce, a murɗe take, tsatsa ta cinye wasu wuraren. Ni na bi bayansa, don yayata ta ce in ya faɗo in tare shi. Da rarrafe ya hau, idonsa a rufe, yana karanta duk surar da ta zo bakinsa. Gumi ya jiƙa masa riga har ina jin ɗigarsa a fuskata. Da muka kai sama ya kunna fitilar, ya ajiye ta a tsakiyar wani tsohon gilashi mai ƙara haske da ke wurin, bai ko leƙa waje ba. Da muka sauko ya durƙusa a yashi ya yi amai. Ya goge baki ya ce, "Vuai, gobe ka zo da wuri."

Kashegari ban samu zuwa ba, na yi tafiya. Shi kaɗai ya hau. Haka ya ci gaba, kowace yamma ya hau ya kunna, da asuba ya hau ya sauko da ita ya zuba mai. Masunta suka riƙa ajiye masa kwalaben kananzir a ƙofar rumfa ba tare da an ce su yi ba. Mata masu soya kifi suka riƙa ba shi tsohon mai yana shafa wa matakala. Tsoron bai taɓa barinsa ba. Na tambaye shi wata rana ko ya saba, ya ce, "Ina fa. Kullum sai ƙafafuna sun yi mini gardama, ni dai ba na sauraronsu ne."

Ni kaina na ci moriyarsa. Muna dawowa daga Tanga da siminti da fasinjoji, har da mace mai goyo, sai iskar kudu ta taso da ruwan sama tun kafin rana ta faɗi. Gari ya yi baƙi, ba gaɓa ba sama. A lissafina mun wuce duwatsun. Sai wani yaron jirgina ya yi ihu, "Ga wuta can!" Wani ɗan haske ja-ja, yana ɓacewa yana dawowa, amma ta hannun da bai kamata ya kasance ba. Ashe iska ta ture mu, kai tsaye muke nufar duwatsun. Na karkata jirgin da duk ƙarfina, muna jin ruwa na fashewa a kansu dab da mu. Pandu ya ga hadarin ne ya hau tun kafin lokacinsa, a cikin iskar da ke girgiza hasumiyar.

Da safe na je rumfarsa na riƙe hannunsa. Ya ce, "Sake ni mana, aiki nake. In godiya ce, yayarka na son zanin Tanga."

Furfura ta fara fito masa lokacin da labari ya zo cewa hukumar tashoshin ruwa za ta aiko mutane. Hankalinsa ya tashi, don hasumiyar ta gwamnati ce, ba wanda ya ba shi izini. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ce wa yayata in an tafi da shi ta sayar da kayan rumfa. Ashe gyaran hasumiyar suka zo yi. Shugabar masu aikin wata injiniya ce daga can ƙetaren teku, Bi Upendo, gajeriya mai fara'a. Ta hau ta duba, ta sauko ta kira shi Mzee, wato dattijo, ta ce, "Mzee, kai ne mai shafa wa matakalar nan mai?"

Ya ce, "Ni ne, 'yata. In laifi ne, ni kaɗai na yi."

Ta yi dariya ta ce, "Shi ya sa take warin kifi. Amma ba don man nan ba da sai mun sake matakala gaba ɗaya. Zo ka nuna mini inda ruwa ke shiga."

Suka yi makonni suna aiki. Aka kankare tsatsa, aka yi fenti fari da ja. Aka ɗora faifan sola da batura, da sabuwar fitila mai walƙiya wadda ake hangowa daga nesa ƙwarai. A bakin duwatsun kuma aka kafa manyan ganguna masu yawo a ruwa, kowace da 'yar fitilarta, suna nuna mashigi. Ranar da aka gama duk ƙauyen ya taru a ƙasa. Rana na faɗuwa fitilar ta kama da kanta. Mata suka yi guɗa. Pandu ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdulillahi, na huta!"

Bi Upendo ta ce, "Hutu kuma, Mzee? Gishirin teku da kashin tsuntsaye na rufe faifan. Muna neman mai gogewa duk mako, ya duba batura, ya kira mu in wani abu ya lalace. Sunanka na bayar."

Ya dube ta, ya dubi hasumiyar, ya ce, "Wato duk iliminku ba ku iya ajiye abin nan a ƙasa ba?"

Ya karɓi aikin. Ita da kanta ta koya masa yadda ake gane batirin da ya gaji, bai kuma ji kunyar tambayarta abu ɗaya sau da yawa ba. 'Yarsa Riziki, wadda ta gama sakandare a shekarar, ta ga aikin Bi Upendo ya burge ta, ta tafi ta karanci lantarki. Yanzu tana cikin masu zagaya gaɓar nan a jirgin hukuma suna gyaran ganguna da fitilu.

Gwiwoyin Pandu sun gaza a ƙarshe, wani ɗan ɗan'uwansa ya gaji aikin. Yayata ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Shi yana nan a gidansa, ido ya yi rauni amma baki na nan daram. Matuƙan jirage daga Tanga da Mombasa, waɗansu ma bai taɓa saninsu ba, in sun sauka sukan nemi gidan su gaishe shi, su sha gahawa. A Juma'ar da ta wuce wani dattijo ya zo da jikokinsa biyu, ya ce a jirgina yake ranar hadarin nan, matarsa ce mai goyon. Pandu ya sa aka dafa musu shinkafar kwakwa da kifi, ya hana su tafiya sai da suka kwana.