Tsayin Amaryar Tela

A wani shagon kwamfuta, wani dattijo yana zaune kusa da matar da ke da shagon, tabarau a karan hanci, tef ɗin awo rataye a wuya. Guntayen zaren da suka maƙale a rigarsa sun isa shaida cewa tela ne. Ya jera tsayin jikokinsa a kwamfuta, yana so a fitar masa da zane, kowane jika da sandarsa, ya manna a falo kafin su zo hutu.

Sanduna sun fito reras kamar matakala, amma gurbi ɗaya wayam.

"'Yata, ina amaryata?" in ji shi. Haka yake tsokanar babbar jikarsa. "In ta zo ba ta ga kanta ba, yaji za ta yi mini."

Matar ta duba, ta fashe da dariya. "Baba, lamba kawai kwamfuta take ganewa. Kai kuma ka rubuta 'ta kai kafaɗata'."

Da alama yarinyar nesa take, ba ta zo ranar awon ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne inda kanta ya tsaya ranar da ta rungume shi.

Sai ya miƙe, ya tuɓe takalmi, ya take bakin tef da yatsa, ya ja shi zuwa kafaɗa, ya faɗi lambar. Sanda ta fito, ta zarce sauran.

"Baba, ɗage fa ka yi."

"Bar shi haka," ya ce yana murmushi. "Ai ta ƙara tsayi tun lokacin."