Finjalin da Ya Tsallake Ni a Najran

Ku da kuke karanta wannan, wallahi ba tatsuniya zan yi muku ba, na wuce shekarun ƙaga labari. Abu ne da ya faru a kan idona shekarun baya, lokacin da ɗana Abdulhadi, mai shagon gyaran firiji a unguwar Sultana nan Madina, ya yi hayar karafan, motar nan mai ɗaki a cikinta da gado da murhu da banɗaki, ya ce zai kai mu Najran mu ga ƙasa, can bakin iyakar Yaman.

Na yi murna, don a zatona daga ni sai shi da matarsa Samira da 'yarsu Jumana, wadda lokacin ko makaranta ba ta shiga ba. Sai da muka baro unguwarmu Aziziyya na ga motar ta karya ta unguwar Sih, ashe har da Hajiya Zulai, uwar matar tasa, tana tsaye a ƙofar gida da akwatuna kamar mai ƙaura. Ni ba na yawan magana, kallo nake yi.

Kuma na ga abin kallo. Kujerar gaba ita aka ba, wai don tana karanta allon hanya tana duba taswira a waya, ni kuwa da ban iya karatu ba aka ajiye ni a baya kusa da tukunyar gas. Babban gadon ita, wai tana da ciwon baya, sai ka ce ni bayan ƙarfe gare ni. Ɗan da na goya, na yi ta wankau a gidajen mutane don ya zama mutum, shi ne ke kiranta Halati, wato innata da Larabci, yana cewa "Halati, kin gaji? Halati, a ƙara miki sanyi?" Abin da ya fi ci mini rai Jumana ce, yarinyar da ni na yi mata wankan farko, in na kira ta da Hausa ta amsa mini da Larabci daga nesa, ta ruga ta faɗa cinyar waccan tana "Sitti, Sitti", wato kakata.

Da muka isa, mun zaga gari, mun ga gidajen ƙasa dogaye da gonakin dabino, sannan Abdulhadi ya fita da mu bayan gari ya kafa karafan a kan tudu bakin wadi, wato kogin da ke ratsa wajen, wanda ba ya kawo ruwa sai an yi ruwan sama a kan duwatsu. A lokacin ƙaf yake, yashi ne fari da tsakuwa.

Ranar da abin ya faru, bayan mun ci abincin rana, shi da Samira suka bi wasu maƙwabtan zango cikin gari sayo ruwa da burodi, aka bar mu mu biyu da yarinya a kan darduma a inuwar mota. Rana tsaka, sama ko gajimare babu. Sai ga wata tsohuwa ta hauro daga cikin wadin, baƙar abaya, dalla, butar gahawa, a hannu da finjalai. Wannan ba abin mamaki ba ne, mutanen can suna karrama baƙo. Abin mamakin shi ne da ta yi sallama sai ta ɗora da Hausa, Hausa irin ta kakanninmu da suka zo da ƙafa ta Sudan, wadda rabon da in ji ta tun ina yarinya. Ta ce, "Sannunku da hanya, 'yan Madina."

Hajiya Zulai ta washe baki, "Ikon Allah, Hajiya, tamu ce! Zauna, zauna, 'yar'uwa."

To, kowa a ƙasar nan ya san yadda ake ba da gahawa. Dalla a hagu, finjali a dama, ba a cika shi, kuma da babba ake farawa. Na girmi Hajiya Zulai nesa ba kusa ba, furfurata ma ta isa shaida. Na gyara zama, har na ɗan miƙa hannu. Matar nan ta tsallake ni kamar buhu aka ajiye, ta miƙa wa Zulai. Kai! Na ce a raina, har a jeji ma ita ce? Na zuba wa matar ido don in samo mata aibu, kuma da ba don wannan haushin ba da ban ga abin da na gani ba. Da hagu ta miƙa finjalin. Cike yake fal, kuma ko tururi ba ya yi. Na sauke ido ƙasa, sai na ga bakin abayarta sharkaf, ruwa na ɗiga a kan dardumarmu, alhali ta ratso yashin da ko kaza ba za ta samu na sha ba.

Zulai ta shanye tana santi. Matar ta ce gonarta na tsallake, inabi ya nuna, su zo da yarinyar ta tsinka da hannunta. Ni ba ta ce da ni in zo ba. Zulai ta miƙe ta kama hannun Jumana suka nufi gangara, matar tana gaba.

Ba zan ce muku na gane ko mece ce ba, Allah ya sani ban gane ba. Na dai tashi na fizge yarinyar, na ce jikata ba ta zuwa ko'ina. Zulai ta juyo, "Hajiya, lafiya? Ni ma ai jikata ce." Nan fa bakina ya buɗe, duk abin da na haɗiye tun daga Madina ya fito, kujera, gado, Halati kaza Halati kaza. Ita ma ashe tana da nata, ta ce tun ranar biki nake kallonta kamar ta ci mini gado, ta ce fuskata ce ke korar yarinyar. Muna tsaye bakin gangara, tsofaffi biyu, kowa na riƙe da hannu ɗaya na Jumana tana tsala ihu.

Sai muka ji ƙara kamar manyan motoci sun jero. Inna lillahi! Ruwa ne ja, da itatuwa da duwatsu, ya kwararo daga can tsaunuka ya cika wadin kafin mu rufe baki. Matar tana tsakiya. Wallahi tallahi na gan ta, ruwan da ke jujjuya kututturen dabino ya kai mata ƙugu, ko gezau ba ta yi ba, dalla na hannunta, tana yafuto Zulai. Na ƙifta ido, babu ita.

Da Abdulhadi ya dawo ya tambayi manoman wajen, suka ce babu gona a tsallaken nan, duwatsu ne har iyaka, kuma ba su san wata mai jin yarenmu ba. Finjalin ma mun neme shi mun rasa. A hanyar dawowa Zulai ta ce da ni, "Hajiya, da kina da haƙuri da yanzu mun mutu." Na ce ta gode wa Allah.

Har yau, duk ranar da aka yi ruwa a Madina, sai Samira ta kulle ƙofa ta zare makulli, don uwarta takan ɗauki abaya ta ce ana jiranta. Ku masu fita zango da iyali, kada ku sauka cikin wadi ko da sama tas take, kuma in baƙo ya ba ku gahawa ku dubi hannun da ya miƙo ta.

Na san rahama ce Allah ya yi mini, ina kuma gode masa. Amma wani lokaci in ina zaune ni kaɗai sai abin ya dawo mini, tsigar jikina ta tashi, haushin ma ya taso tare da ita. Ni ce babba a kan dardumar nan, kuma ko sau ɗaya matar ba ta dubi fuskata ba.