Inna Yalwa da Faten Dankalin da Ya Kama

Kafin rana ta gama fitowa a Kurmin Mashi, Inna Yalwa ta riga ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunno, da kwano a gabanta da wata wuƙa da washi ya cinye har ta sirance. Dankalin turawa take ferewa. Ɓawon na sauka a zare ɗaya yana nannaɗewa a kan zaninta, idonta kuwa yana can wani waje, kai ka ce waɗanda za su ci take kallo. Shekara talatin da biyu ke nan tana yi wa gidajen mutane girki, daga Malali har Unguwar Rimi: ranar suna, ranar makoki, da ranakun da uwar gida ta kwanta. A watan nan za ta ajiye aikin, don gwiwoyi sun ce sun gaji.

Ba wai ta fi kowa iya miya ba ne. Abin da Allah Ya ba ta shi ne riƙe bakin mutane. Ta san gidan Malam Faruk soyayyen dankali suke so da ƙwai, albasa ta ji. Ta san Rukayya in tana jego ba ta kallon komai sai dafaffe da man gyaɗa da yaji. Ba ta rubutawa, ko boko ba ta yi ba, amma in ka ci girkinta sau ɗaya ta haddace ka.

Bara Hajiya Rabi ta rasu a Unguwar Rimi, mijinta Alhaji Sanda, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya daina cin abinci. Shayi kawai, shi ma rabin kofi. Likita ya ce in aka ci gaba a haka jikin ba zai kai ko'ina ba. 'Yarsa Aziza ta yi masa faten dankali har sau uku, abincin da ya fi ƙauna a hannun marigayiya. Cokali ɗaya zai yi, ya sa mata albarka, ya ture kwanon.

Aziza ta zo wa Inna Yalwa da kuka. "Inna, wallahi komai na sa. Alayyafo, busasshen kifi, yadda Mama ke yi."

Inna ta tsayar da wuƙar. Sai ga Hajiya Rabi a idonta, a ranakun da take zuwa aiki gidan, ta ɗora tukunya ta tafi jikin katanga hira da maƙwabciya, dariyarta na tashi, ita kuma tana ƙwala mata kira: "Hajiya, tukunyarki ta kama!" Hajiya ta amsa: "Bar ta, Yalwa, Alhaji bai taɓa ƙorafi ba."

"Naki ya kama?" in ji Inna.

"Haba Inna! Ni zan kai wa Baba ƙonannen abinci?"

"To, ai nan ne, 'yar nan. Ɗauko mini mayafina."

Aziza ce ta ba ni labarin abin da ta gani. Inna ta haɗa faten, ya nuna, lokacin saukewa ya yi, sai ta ajiye ludayi ta harɗe hannuwa a baya. Matar da ba a taɓa jin ƙauri daga tukunyarta ba ta tsaya tana cije leɓe, hannu na ƙaiƙayi, har gindin tukunyar ya fara kamawa. Ƙaurin ya fita a hankali, ya bi baranda, ya shiga falo.

Can sai ga Alhaji a ƙofar kicin, yana dafa bango. Ya zauna a kan tabarma, aka zuba masa, ya cinye, ya ce a miƙo tukunyar. Yana kankare ƙanzon da cokali hawaye na bin gemunsa.

"Shekara arba'in ina cewa a raina Rabi ba ta iya fate ba," ya ce. Ya ɗago kai. "Yalwa, gobe ma za ki zo?"

"In Allah Ya kai mu, ranka ya daɗe."

Ke ce, Inna Yalwa, mai wuƙa siririya, wadda ba a kiran sunanki in an zo godiya bayan taro. Ke ce kika ajiye gwanintarki gefe don wani bawan Allah ya rayu. Ina rubuta wannan zuciyata cike da ƙaunarki. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya ba gwiwoyin nan hutu.

Ku kuma masu girki a gida, ku riƙa lura da bakin naku tun suna kusa: wa ke son ɓawo, wa ke son ruwa-ruwa, wa ke kankare tukunya in ya ga ba kowa. Aziza dai ta koya. Duk Juma'a, in faten ya nuna, takan ajiye ludayi ta harɗe hannuwa a baya, ta jira takun mahaifinta a baranda.