Na Tona Asirin Mai Kunu da Sunan Addu'a

Ina da shekara ashirin da bakwai lokacin da na ajiye koyarwa a wata makarantar kuɗi, na shiga aikin bishara a lungunan Kachalla Sembe, wata unguwa a Jalingo. Alawus ɗin bai kai rabin albashina ba, ɗakina yana yoyo, mahaifiyata ta yi wata uku ba ta ɗaga wayata ba. Har gobe ban yi nadamar wannan ba. Matsalata baki ce, don a lokacin gani nake duk abin da aka faɗa da sunan addu'a, ba gulma ba ne.

Akwai wata gwauruwa mai sayar da kunun gyaɗa a bakin layinmu, da shi take ciyar da 'ya'ya uku. Wata rana ta ja ni ɗaki, ta nuna mini maganin da take sha, ta ce ƙanjamau mijinta ya bar mata, kuma ni kaɗai ta faɗa wa tunda aikin Ubangiji nake yi. Ranar Laraba a zumuntar mata na miƙe na roƙa a yi wa wata mai wannan ciwo addu'a. Ni ga mai wayo, ban kama suna ba, cewa kawai na yi gwauruwa ce mai kunu. To, masu kunu nawa ne a layin? Kafin Lahadi bokitinta a cike yake komawa gida.

Da na je ba ta zage ni ba, tambayata ta yi me yaran za su ci. Kunya ta kama ni, na yi kuka, amma kuka ba ya sayen kunu. Washegari na zauna a gefenta na sha da kofinta, kowa yana gani. Wata biyar ina haka kowace safiya, ina gaya wa mutane ba a ɗaukar cutar ta abinci. Wasu 'yan zumuntarmu suka daina haɗa kwano da ni, ban fasa ba. Masu keke ne suka fara dawowa, sauran suka biyo baya.

'Yan'uwana masu wannan aiki, haƙura da albashi abu ne mai sauƙi, riƙe amanar talaka ne aikin. Magana zarar bunu ce. In mutum ya ba ku sirrinsa, ku kai wa Allah ku kaɗai, ba ya buƙatar kwatance. Matar nan kasuwarta ta dawo, ta ce ta yafe mini, kuma na yarda. Amma shekara shida ke nan, duk sanda na tambaye ta jiki, "lafiya lau" take cewa, ta miƙo mini kununa.