Batirin Kawu da Lasifikata Mai Wat Dubu

Kawuna, ƙanin Mama, ya shekara talatin da ɗoriya yana gyaran rediyo a wani ɗan shago da in ka miƙe hannuwa za ka taɓa bango biyu. Ƙaurin dalma ya kama rigunansa har sabulu ya haƙura. Bai taɓa damuwa da rubutun da ke jikin kwali ba. In aka kawo masa lasifika, sai ya zaro batirin tocila daga aljihu, ya taɓa shi da wayoyinta biyu, ya karkata kai ya saurari ƙarar da za ta yi. Binciken ke nan gaba ɗaya. Ni kuwa mai digiri, na daɗe ina yi masa kallon wanda zamani ya tafi ya bari.

Wani kaset ne ya tona min asiri. Marigayi Baba ya ɗauki muryarsa a ciki lokacin da yake aiki a nesa, yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Mama tana son ta sake jin sa, ga kunnenta ya yi nauyi, likita kuma ya ce gaba zai yi, ba baya ba. Rikodar Baba da 'yar amfilifayarsa mai ƙara ƙarfin sauti suna nan garau, lasifikar ce ɓera ya gama da ita.

Na bugi ƙirji na ce a bar min. Sati biyu ina shafar waya kamar mai shirin jarrabawa, sannan na kinkimo lasifika guda biyu, kowace ta kai min ƙugu, an rubuta ƙarfinta a jiki, wat dubu, da ruwan zinare. Sai da aka fitar da kujera ɗaya daga falo. Matata ta tambaye ni ko gidan biki za mu buɗe.

Na haɗa, na murɗa har ƙarshe. Muryar Baba ta fito a shaƙe, tana rawa.

Mama ta ce, "An kunna ne?"

Kunya ta rufe ni har gumi ya karyo min.

Da yamma Kawu ya leƙo. Ya gwada batirinsa a jikin ƙatuwa ɗaya, ta yi wani ɗan ƙis kamar an karya tsinke.

"Ɗana, dubun nan abin da za ta iya ci ne, ba abin da za ta bayar ba. Amfilifayar babanka ba ta da ƙarfin ciyar da ita. Mai ɗan ci da babbar murya za ka nema."

Na fara karanto masa abin da na gani a waya. Ya ce in miƙo masa hularsa.

Washegari ya dawo rungume da wani tsohon akwatin lasifika na katako, fentinsa duk ya ɓare. Da batir ya taɓa shi, sai da kyanwarmu ta yi tsalle. Ya haɗa, ya murɗa kaɗan, ko rabi bai kai ba.

Sallamar Baba ta cika falon. Mama ta yi sauri ta gyara ɗankwalinta, ta amsa.

"Lafiya lau, Malam," ta ce. "Yara duk sun girma."

Na sunkuci mai wat dubu ɗaya na yi waje da ita, don kada Kawu ya ga mai digiri yana kuka.