Igiyar Fitilar Baba

Wata safiyar Alhamis ce a daminar shekarar 2001. Ina gudu a kan layinmu na Agege ba takalmi, ruwan sama na dukana, na ƙasa ya kawo mini har ƙwauri, ina kuka ina ƙwala wa ƙawata Risika kira ta fito mini da igiyar tsalle. Masu burodi da suka fake a ƙarƙashin rumfa suna ta daka mini tsawa da Yarbanci in koma gida, ban ko waiwaye su ba. A shagon Baba na baro mahaifiyata a kan kujera, da ƙyar take iya riƙe wuyanta, kuma na san idan ban kawo igiyar nan ba ƙanena Habibu zai tashi bai san fuskar uwarsa ba.

Baba mai hoto ne. Shagonsa na katako yana kusa da layin dogo, bango ɗaya ya raba shi da shagon Baba Tunde mai walda. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci nan ake cika: mahauta daga Oko-Oba, 'yan dako daga kasuwar Mile 12, kowa ya sha wanka ya shafa mai. Akwai babbar riga ɗaya da agogo ɗaya a rataye a ƙusa, su ake ara bi da bi, mutum ya tsaya gaban labulen da aka zana wa gada da jirgin sama ya ƙame, a ɗauke shi ya aika gida a ga Legas ta karɓe shi. Aikina bayan makaranta shi ne share shagon da goge fitilu biyu masu farar lema da ke tsaye dama da hagu. Su ne sirrin sana'ar. Da sun yi wal, mutumin da ya kwana a kan buhun albasa sai ya fito fes kamar ango.

Fitilun nan ba sa haskawa sai kyamara ta gaya musu. Abin da ke kai saƙon wata doguwar baƙar waya ce da muke kira igiya, kanta ɗaya a jikin kyamara, ɗayan a bayan fitila, daga nan wata gajera ta haɗa ta da 'yar uwarta. Baba na danna kyamara, a daidai wannan ƙiftawar fitilu za su haska. Idan suka riga ko suka makara, hoto ya tashi baƙi ƙirin, kuma ba za ka sani ba sai an wanko fim. Igiyar tana kwance a tsakiyar shago, kullum sai ta harɗe wani. "A kula da igiya!" ita ce gaisuwar Baba ga duk wanda ya shigo, tun kafin ya amsa sallama.

Bayan sojoji sun koma bariki kasuwar hoto ta buɗe, kowane ɗan takara yana son fuskarsa a bango. A lokacin ne Baba ya shiga motar danfo ya tafi cikin Ikko ya dawo da wani ɗan ƙaramin abu kamar kwalin ashana, da gilashi a gabansa. Ido muke ce masa. Ana maƙala shi a fitila, a ɗora wata 'yar ƙaramar fitila a kan kyamara. Da idon ya ga walƙiyarta sai ya tayar da manyan, ba waya ba komai. Baba ya yi ta fankama da shi, har masu shayi sai da ya kira suka gani. Tsohuwar igiya kuwa ya naɗe ya miƙa mini. Ai kuwa ta samu aiki. Ba a taɓa igiyar tsalle mai daɗinta a gidanmu na haya ba, ga nauyi ga tsawo, mutum biyu na kaɗawa uku na tsalle, muna waƙa rabi Hausa rabi Yarbanci har a kira mu wanke-wanke. Ɗan ƙarfen bakinta tuni ya guntule a siminti.

Aibin idon ɗaya ne: ba shi da wayo. Duk walƙiyar da ya gani ta Baba ce a wurinsa. Baba Tunde na taɓa ƙarfe, hasken walda ya ratso ta tsagar katako, sai fitilunmu su kama wal-wal su kaɗai. Shi da Baba suka yi yarjejeniya. Idan Baba zai yi aiki sai ya bubbuga bango ya ce, "Baba Tunde, abeg hold am small," shi kuma ya dakata. In ba aiki, fitilu a kashe suke.

Duk fuskokin da suka ratsa shagon nan, babu ta Umma. Wannan abu har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci da su biyun. Ita waina take soyawa a ƙofar gida, mace ce mai jiki, mai dariyar da ake ji daga bakin famfo. In Baba ya ce ta zo ya ɗauke ta sai ta ɗaga hannu ta ce, "Da wannan man da hayaƙin? Bari dai sai Sallah." Sallah ta zo, ta ce aiki ya yi yawa. Shi ma bai taɓa matsawa ba, tunda gani yake kullum tana nan. Bayan haihuwar Habibu ciwo ya kama ta. Aka yi asibiti, aka yi na gargajiya, tanda ta yi ƙura a bayan ƙofa, aka yaye yaron ba shiri. Daga ƙarshe yayanta Kawu Sale, mai fataucin shanu, ya ce zai mayar da ita gida can ƙasar Katsina wurin tsohuwarsu. Ya samo mata gaban wata tirela da ta sauke shanu za ta koma. Mu yara za mu zauna da Baba. Ba wanda ya faɗa mini komai, amma na ga yadda matan gidan suke yin shiru idan na shigo.

Da safiyar tafiyar, ina ɗaure mata kaya, ta ce da Baba, "Malam, ka ɗauke ni da yaron nan. Ko ba komai ya san ni." Baba ya ce bari ya ɗauko kyamara a yi a nan. Garin ya yi duhu da hadari, ɗakinmu ko taga ta kirki babu, ita kuma ta ƙi. Ta ce ba za a nuna wa ɗanta ita a kwance ba, a kai ta wurin fitilun nan masu gyara mutum. To amma an kwana biyu ba wuta. Ta sa aka ciro mata atamfar Sallah, na shafa mata kwalli da hannuna, muka zauna jiran abin da ba mu da iko da shi, Kawu yana shiga yana fita yana cewa direba ba zai jira ba.

Can sai ihun yara ya tashi a layi, an kawo wuta. Baba ya fita a guje ya kunna fitilu su ɗauki caji, ya dawo ɗaukar ta. Cikin gaggawa bai bubbuga bango ba. Baba Tunde kuwa, da ya kwana biyu aiki na jiransa, ya kama walda ba ji ba gani. Kafin su tako da Umma a hankali, Baba da Kawu suna tallafe da ita, ni ina goye da Habibu ina riƙe lema, fitilu sun yi ta haskawa su kaɗai a shagon da ba kowa. Muna buɗe ƙofa ƙauri ya tare mu. Fitilar da idon ke jikinta tana hayaƙi, idon kansa ya narke ya lanƙwashe. Baba Tunde ya leƙo, ya ga Umma, ya ɗora hannu biyu a ka yana ta ba da haƙuri. Ɗayar fitilar tana da rai, jan haskenta na ci, amma ba abin da zai haɗa ta da kyamara. Ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya zazzage akwati, ya watsar da kwalaye. Sai ya tsaya cak ya dube ni. "Bilki, ina igiya?"

Abin da ya fitar da ni cikin ruwan nan ke nan. Na same ta a ɗaure jikin ƙofar su Risika an shanya tsumma a kai, na fizge na dawo. Baba ya goge ta da rigarsa, ya cusa kai ɗaya a bayan fitila. Ɗaya kan, mai guntulallen baki, ya fere da reza har siraran wayoyi biyu suka fito. Dole ɗaya ta taɓa tsakiyar ɗan ramin da ke jikin kyamara, ɗaya ta taɓa gefensa, kuma kada su taɓa juna. Yatsunsa sun yi kauri, ga shi sai ya leƙa ya danna. Ya ce in riƙe.

Ina kama su da jiƙaƙƙen hannu wuta ta ja ni, na saki na yi ƙara. Zafin kamar an caka mini allura har gwiwar hannu. Na sake kamawa, wayoyin suka haɗu, fitila ta haska a banza. Sai mun jira ta sake cika, tana wani siririn kuka. Baba ya danna, ba haske. Ya sake, ba haske. Fim ɗin saura kaɗan, yaron Kawu ya zo a jiƙe ya ce direba ya tayar da mota, Habibu ya fara zillo, kan Umma yana ta yin ƙasa tana ɗago shi. Kawu ya ce, "Malam, a bar ta haka, wahalar ta isa." Ni kuwa tsoro nake kada a ɗauke wuta, ina ta roƙon Allah a zuciyata da duk addu'ar da na iya, har da ta cin abinci. Na cije leɓe, na danna wayoyin da farce, wutar na cina, hawaye na zuba, na ce, "Baba, yanzu!" Kyamara ta yi ƙas, shagon ya yi fari tas. Sau ɗaya ke nan suka zo tare. Kawu ya sunkuya ya ɗauki Umma cak kamar yarinya.

Baba ya daɗe da fim ɗin a aljihu bai kai shi wurin masu wanki a unguwar Ogba ba. Tsoro yake a ce baƙi ne. Sai da wani ɗan tirela ya kawo saƙon rasuwarta, aka share makoki, sannan ya tafi. Ya dawo ya miƙa mini ambulan. Ta fito. Hasken gefe ɗaya ne, rabin fuskarta a inuwa, ta rame, atamfar ta yi mata yawa, amma idonta a buɗe yake tana kallonmu, hannunta a kan cikin Habibu.

Yau Habibu magidanci ne. Hoton yana cikin wayarsa, yana bangon ɗakinsa, ya sa wa 'yarsa sunanta. Ranar sunan na ga mai hoto ya jera fitilu a tsakar gida ba waya ko ɗaya, yana ɗauka yana dubawa yana gogewa, yara na gudu a tsakaninsu ba abin da ya harɗe su. Na daɗe ina kallonsa. Habibu yakan nuna wa mutane hoton ya ce Ummarsa siririya ce mai shiru, ni kuma ban taɓa iya gyara masa ba. Na yi shekaru ina riƙe da ɗayar, mai ƙiba, mai dariya. Yanzu idan na rufe ido na neme ta, ta hoton ce ke zuwa.